Flannery O'Connor: littafinta zan yarda da shi ko wasiƙunta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, aji uku, a kwas ɗin adabin Amurka aka ba mu gajerun labaran Flannery O'Connor kuma wallahi sun shiga raina sosai har na fara tunanin in yi furojet ɗina a kanta. Sai wata ƙawata take ce min wai an gano a wasiƙunta matar ba ta son baƙar fata, har wata jami'a ta goge sunanta daga jikin gini. Tun daga ranar jikina ya yi sanyi. Don Allah gaskiya ne? In kuma gaskiya ne wanne zan yarda da shi, littafin ko wasiƙar?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, bari in fara da wannan don kada ki zauna kina jiran in zo ƙarshe in wanke matar tas, ba zan yi ba. A 2020 ne Jami'ar Loyola da ke jihar Maryland ta cire sunanta daga wani ginin kwanan ɗalibai ta maye shi da sunan Sista Thea Bowman, wata baƙar fata 'yar Katolika, kuma abin ya biyo bayan wata doguwar maƙala da Paul Elie ya buga a mujallar New Yorker a watan Yunin shekarar, daidai lokacin da Amurka ke tafasa kan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe. To wannan ɓangaren kam haka yake. Amma tambayarki ta biyu ita ce mai nauyin, wato in mutum ya faɗi abu a bainar jama'a ya kuma faɗi wani daban a cikin ambulan, wanne ne shi? Shekaruna da dama ina koyar da labaran matar nan kuma kusan duk shekara sai mun yi wannan rigimar da ɗalibai, don haka ki yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Wace ce ita, kuma me ya sa wasiƙun suka yi yawa haka

An haife ta ranar 25 ga Maris 1925 a Savannah ta jihar Jojiya, ita kaɗai iyayenta suka haifa, 'yan Katolika ne masu asali da Ayalan a yankin da kusan kowa Furotesta ne, kin ga tun farko a ɗan gefe ta taso. Mahaifinta ya rasu a 1941 tana shekara 15, cutar lufus ce ta kashe shi, wato ciwon nan da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta dinga cin jikin da ya kamata ta kare, gaɓoɓi da fata da ƙoda duk ba ta bari. Ta gama kwalejin mata ta Milledgeville a 1945, ta wuce Iowa ta yi digiri na biyu a fannin rubutu ta gama a 1947, daga nan ta zauna a Yaddo, wani gida da ake sauke marubuta a jihar Niyok, sannan ta koma gidan abokanta Robert da Sally Fitzgerald a Connecticut. Duk alamu sun nuna yarinyar nan ta bar Kudu, wato kudancin ƙasar, ke nan ba dawowa. Sai a Disambar 1950 tana cikin jirgin ƙasa za ta gida hutun Kirsimeti ciwo ya kayar da ita, ashe irin na babanta ne, amma uwar ta ɓoye mata aka bar ta a kan ciwon gaɓoɓi ne kawai, sai a 1952 Sally ta gaya mata gaskiya.

Daga 1951 har ta mutu a gonar shanun madara ta zauna ita da mahaifiyarta Regina, sunan gonar Andalusia, 'yar tafiya kaɗan daga garin Milledgeville. Daga 1955 da sanduna biyu take tafiya don ƙashin ƙugunta ya lalace. Tsarin ranarta bai cika canzawa ba, da sassafe coci, ta dawo ta zauna gaban tafireta kamar awa biyu zuwa uku, iya ƙarfin da jikin ke ba ta ke nan, da rana kuma baƙi da wasiƙu da kula da tsuntsayenta, don ɗawisu take kiwo har sun kai wajen 40, suna cinye wa uwar furanni suna ihu da tsakar dare. A haka ta fitar da dogayen labarai biyu, Wise Blood a 1952 da The Violent Bear It Away a 1960, da gajerun labarai da aka tattara 31 daga baya a kundi ɗaya wanda ya ci babbar kyautar littafi ta ƙasar a 1972. Ta rasu 3 ga Agusta 1964 tana da shekara 39.

Na kawo miki duk wannan ne don ki gane wasiƙa a wurinta ba abin marmari ba ce. Mace ce mai kaifin ƙwaƙwalwa da baki kamar reza, ciwo ya ɗaure ta a ƙauye tsakanin shanu da 'yan uwan da ba su gane me take rubutawa ba, to ta gidan waya take hirar da ba ta da abokin yin ta a gida. Akwai wata da ta rubuta wa su Fitzgerald tana ba su labarin uwarta ta tambaye ta wai shi wannan Kafka da mutane ke ta tambayarta waye shi, ta ce mata wani ne da ya rubuta labarin mutumin da ya rikiɗa ya zama kyankyaso, uwar ta ce to ai ba za ta iya gaya wa mutane haka ba. Duk sanda na karanta wa ɗalibai wannan sai ajin ya fashe da dariya don kowa yana da irin wannan uwar ko gwaggon a gida.

A 1979 Sally Fitzgerald ta tattara wasiƙun ta buga da sunan The Habit of Being, shafi sama da 600, kuma gaskiya wannan littafin ne ya sa mutane da yawa suka fara kallonta kamar wata waliyyiya, saboda yadda take maganar ciwonta babu kuka babu neman tausayi. A wata wasiƙar ta ce rashin lafiya wani wuri ne da ya fi doguwar tafiya Turai koyar da mutum, kuma wuri ne da ba mai raka ka. Da aka matsa mata ta je Lourdes a Faransa a 1958, inda 'yan Katolika ke zuwa neman waraka, ta dawo tana cewa ita littafin da take rubutawa ta yi wa addu'a ba ƙasusuwanta ba.

Abin da ta faɗa

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan maganganun da ake kawowa daga wasiƙunta ne zuwa ga Maryat Lee, wata marubuciyar wasan kwaikwayo 'yar Kudu da ke zaune a Niyok, mai zafin ra'ayin 'yancin baƙar fata, sun haɗu a ƙarshen 1956. A 1959 Maryat ta nemi ta haɗa ta da James Baldwin, sanannen marubuci baƙar fata, da zai zo Kudu, Flannery ta ce a'a, a Niyok za ta so ganinsa amma a Jojiya ba zai yiwu ba, ita tana bin al'adar jama'ar da take ci daga jikinsu. Ki lura wannan ba sabon tono ba ne, yana cikin littafin 1979, mutane ne dai suka dinga tsallake shi. A Mayun 1964, saura wata uku ta mutu, ta rubuta wa Maryat cewa a aƙida tana goyon bayan a daina wariya amma a ɗanɗanonta ita 'yar wariya ce, ta ƙara da cewa baƙaƙen ba sa burge ta, musamman sabbin nan masu ilimi da baki. Kalmar nan ta cin mutunci da Turawan Kudu ke kiran baƙar fata da ita kuwa tana yawo a wasiƙun, da barkwancin da ba zan maimaita miki ba.

Masu kare ta suna da hujja guda da ya kamata a saurara. Sun ce ai tsokana ce, ita da Maryat wasa suke, ɗaya ta ɗauki rawar 'yar ƙauyen Kudu mai taurin kai ɗaya ta ɗauki rawar 'yar birni mai wa'azi, har sunayen wasa suke sa wa juna, wani lokacin ma Flannery da sunan Misis Turpin take sa hannu, wato matar nan mai raina mutane ta cikin labarinta. Kuma gaskiya ne akwai wannan wasan. Amma ni da na tashi a inda ake wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, na san ƙa'idar abin, wanda ake tsokana yana wurin, yana da bakin ramawa, kuma gobe shi zai fara. A wasan su Flannery wanda ake yi da shi ba ya wurin, yana can gona yana tatsar shanun uwarta, kuma a Jojiya ta wancan lokacin in ya rama yana iya rasa aikinsa ko abin da ya fi aiki. Sannan irin wannan ƙyamar ta bayyana tun tana 'yar shekara 18, a wasiƙun da ta aika wa uwarta a 1943 daga arewacin ƙasar, shekara goma sha uku kafin ta san wata Maryat. Don haka ni dai hujjar tsokana tana rage min kaifin wasu jimloli amma ba ta goge su.

Ɗaya hujjar ita ce wai zamaninta ne. Wannan ma rabin gaskiya ce, don a zamanin nata kuma a jihar tata akwai Turawan da suka tsaya suka ce wariya zalunci ce aka dinga kai musu hari, ita Maryat ɗin ma ai 'yar Kudu ce.

Yadda nake karanta wasiƙa

Bari in ba ki labarin inda na fara koyon wannan aikin tun ban san sunansa ba. Ina aji biyar na firamare ni ne marubucin tsofaffin layinmu, a ciro takarda daga tsakiyar littafina a ba ni biro, in zauna bakin tabarma. Akwai wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, ranar nan ta sa na rubuta biyu a zama ɗaya. Ta farko zuwa ga ɗanta da ke aiki a Legas, bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ta ce in gaya masa kowa lafiya, matarsa yarinyar kirki ce tana kula da ita, kada ya sa komai a ransa. Ta biyu zuwa ga ƙanwarta a ƙauye, nan fa ta gyara zama ta ce rubuta, yarinyar nan ta ishe ni, tuwonta kamar dutse, gaisuwa sai ta ga dama. Na ɗago na kalle ta, ta ce kai rubuta abin da aka sa ka. Na daɗe ina ɗauka ta biyun ce gaskiya ta farkon ƙarya, sai da na girma na gane ba haka ba ne, don matar nan ita ta yi jinyar surukar tata wata biyu da ta kwanta, ba ta bari kowa ya taɓa ta ba. Ta farkon abin da take so ya tabbata ne kuma take aiki a kai, ta biyun abin da ke cinta ne a ranar, kuma da ƙanwar ce kaɗai ta adana tata da yau jikoki sun yanke mata hukuncin muguwar uwar miji.

Shi ya sa duk wasiƙar da ɗalibi ya kawo min a matsayin hujja sai na fara tambayarsa wa aka rubuta wa. Flannery ta wasiƙun Maryat daban take da Flannery ta wasiƙun matar da littafin 1979 ya kira "A" kawai. Wannan wata ma'aikaciyar ofis ce a Atlanta da ta rubuto mata a 1955 tana cewa ta gane labaran nan a kan Ubangiji suke magana, daga nan suka ɗinke, shekara tara suna musayar wasiƙa kan imani da shakka da littattafai, har matar ta shiga Katolika a 1956 ta kuma fita a 1961 amma zumuncin bai yanke ba. Sai bayan rasuwarta a 1998 aka san Betty Hester ce sunanta, kuma wasiƙu 274 da ta ba Jami'ar Emory da sharaɗin a rufe su shekara 20, sai a 2007 aka buɗe. In waɗannan kaɗai kika karanta za ki rantse matar nan ba ta taɓa raina ɗan Adam ba, haƙurin da ta yi da Betty da yadda ta ƙi gudunta lokacin da ta buɗe mata sirrin rayuwarta abin a yaba ne. Kuma mutum ɗaya ce, a tebur ɗaya, wataƙila ma a yammaci ɗaya.

Abu na biyu, wa ya zaɓa ya buga. Lokacin da Sally ke aikin nan Regina tana raye, sai 1995 ta rasu tana da shekara 99, kuma ita ke riƙe da haƙƙin takardun, ga mutanen garin da aka yi gulmarsu duk suna nan da ransu. Don haka an yanke wurare, an bar wasu wasiƙun gaba ɗaya a waje, duk inda kika ga ɗigo uku a jere ki tsaya ki tambayi kanki me aka cire. Ita kanta Sally ta ɗan taɓa maganar launin fata a gabatarwa, a hankali dai, irin taɓawar aminiya. To hoton waliyyiyar nan hannun edita ya taimaka wajen zana shi, kamar yadda hoton muguwar 2020 ma zaɓe ne, an tsamo jimloli mafi muni an jera su waje ɗaya.

Abu na uku kuma wanda ɗalibai suka fi faɗawa ciki, ɗaukar wasiƙa a matsayin mabuɗin labari. Misali an san wani ɗan Denmak mai tallan littattafan makaranta ya dinga zuwa gonar a 1953 da 1954, ta so shi, ya koma ƙasarsu ya auri wata, kuma a farkon 1955 cikin kwana huɗu kacal ta rubuta Good Country People, inda mai tallan Baibul ya yaudari wata mai digirin digirgir ya gudu da ƙafarta ta katako. Ɗalibi na ganin haka sai ya ce shikenan na gano, ramuwar gayya ce. To ka gano daga ina itacen ya fito, amma ba ka ce komai a kan kujerar da aka sassaƙa ba, don wadda labarin ya fi yi wa tsirara ai ita mai ilimin ce mai ganin ta fi kowa wayo, wato wadda ta fi kama da marubuciyar.

Nan ne nake ganin amsar tambayarki take. Ki koma ki sake karanta Revelation, wanda ta rubuta a 1963. Misis Turpin na zaune a ɗakin jiran likita tana auna kowa da ido, matar da in ta kwanta da dare lissafin darajar mutane take yi, wa ke sama wa ke ƙasa, baƙaƙe a can gindi, tana gode wa Yesu da bai yi ta baƙa ko matsiyaciyar Baturiya ba, sai wata ɗaliba ta wurga mata littafi a fuska ta kira ta tsohon gadu daga wuta. A ƙarshe tana tsaye bakin garken aladunta ta ga jerin mutane suna hawa sama, matsiyatan da baƙaƙen da mahaukatan a gaba, ita da irinta a can baya, har kyawawan halayen da suke taƙama da su wuta na ƙone su. Wadda ta rubuta wannan ita ce bayan 'yan watanni take sa hannu da sunan Misis Turpin a wasiƙa. Ni abin da na fahimta shi ne ta san ciwon da ke jikinta sarai, ta san sunansa, da safe a gaban tafireta inda take sake jimla sau goma tana hukunta shi ba sassauci, da yamma kuma in ta gaji ta saki jiki sai ta dinga wasa da shi kamar abin ado. Ba ta rabu da shi ba har ta mutu, wata ɗaya bayan an sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 2 ga Yulin 1964 da ta haramta wariya.

Kada kuma ki ɗauka labaran sun fita tsab. Baƙaƙen cikinsu daga waje ake ganinsu, yawanci madubi ne da Bature ke ganin muninsa a ciki, ita da kanta ta ce ba ta iya shiga cikin kansu. Alice Walker, marubuciya baƙar fata wadda iyayenta suka yi noman haya a wani gida 'yan mintuna daga Andalusia, ta je gidan a 1974 ita da mahaifiyarta ta rubuta irin ɗacin da ta ji ganin an adana gidan Flannery nasu kuwa ya zama kango, amma duk da haka ta yaba mata da ba ta yi ƙaryar sanin zuciyar baƙar fata ba, kuma a 2020 tana cikin waɗanda suka nemi Loyola kada ta cire sunan. Wasu baƙaƙen Amurkan ba su yarda da ita ba, kuma ni da ke zaune a nan ban taɓa shiga bas an ce min koma baya ba, ba ni ne zan gaya musu yadda za su ji ba. Haka kuma ni bugaggun wasiƙun na yi aiki da su da abin da masu bincike suka ciro, ban riƙe ainihin takardun a hannuna ba, ki sa wannan a lissafi in za ki ambace ni.

Batun furojet kuwa shawarata kada ki canza, sai dai ki canza tambayar. Maimakon jigon addini a labaran O'Connor da ɗalibai ɗari suka riga suka rubuta, ki ɗauki Revelation da Everything That Rises Must Converge, na biyun a cikin bas yake faruwa bayan an hana wariyar kujeru, ki ajiye su gefe da gefe da wasiƙun Maryat na 1959 zuwa 1964, ki bi kwanan wata ɗaya bayan ɗaya ki ga me take faɗa a wasiƙa a watan da take rubuta wane shafi. Ki nemi littafin Angela Alaimo O'Donnell na 2020, Radical Ambivalence, don ita ta samu izinin kawo wasu daga wuraren da aka ɓoye a da. In sufabaizanki ya ce abin ya yi faɗi, ki rage zuwa labari ɗaya da shekara ɗaya, 1964 kaɗai ta ishe ki, a Fabrairunta aka yi mata aikin cire ƙari wanda ya tayar da lufus ɗin, a gadon asibiti tana ɓoye takardun Parker's Back ƙarƙashin filo don kada a hana ta rubutu, kuma wasiƙarta ta ƙarshe ranar 28 ga Yuli ga Maryat ɗin ce dai, babu tsokana a ciki, wani ne ya kira Maryat a waya ya tsoratar da ita shi ne take ce mata ta ɗauki abin da gaske ta kira 'yan sanda. Ba ta ma samu aikawa ba, uwar ce ta tsince ta a teburin gefen gado.